DaVinci Resolve na kyauta a hannun masu sake ɗinka fim: ya isa?

Yanka fim a sake jera shi a kan waƙa har jarumai biyu maza su fito kamar masoya aiki ne na kallo da lokaci. Fim ɗin bai ce suna soyayya ba, mai haɗawa ne ke sa ido ya ga hakan. Masu harkar suna kiran salon "slash", daga layin nan da ake ratsawa tsakanin sunaye biyu, kamar Kirk/Spock na Star Trek. A 1975 Kandy Fong ta fara jera hotunan shirin a kan waƙa tana haskawa a Amurka, daga baya aka koma jona na'urorin bidiyo biyu, ɗaya na kunnawa ɗaya na ɗauka. Yau manhaja ke aikin, kuma wadda za mu auna ita ce DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design, sigar kyauta.

Inda ta fi burgewa shi ne yanka a kan firam ɗaya tak. Ɗauki waƙa mai bugu 120 a minti: kowane bugu rabin daƙiƙa ne, wato firam 12 (firam shi ne hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗa fim) a fim mai gudun firam 23.976 a daƙiƙa. Ka kunna waƙar kana danna M a kan kowane bugu, alamomin sai su zama ƙugiyar da yankan ke maƙalewa. Kallon da ya tsaya firam 8 waiwaye ne kawai. Ka ja shi ya kai firam 24, ka biyo shi da fuskar ɗayan yana sunkuyar da kai, ma'ana ta sauya gaba ɗaya ba tare da an ƙara ko kalma ba. Wannan dabarar Lev Kuleshov na Rasha ya nuna ta tun zamanin fim marar magana: hoton da ya biyo baya shi ke fassara fuskar da ta gabata. Maɓallan J, K da L na kunna hoto baya, tsayar da shi da kunna shi gaba, da kuma na waƙafi da aya, masu tura yanka firam ɗaya baya ko gaba, sun wadatar a nan.

Matsalar da ke tona asirin sabon hannu ita ce alkiblar ido. Idan na farko na duban dama, dole na biyu ya dubi hagu, in ba haka ba kowa da inda ya dosa. Resolve na juya hoto da dannawa ɗaya a Inspector, akwatin saitin hoto, amma juyin na da tarko: bajon da ke ƙirjin hagu na rigar jarumi zai koma dama, tsagar gashi ta sauya gefe, rubutun bango ya karanta a baibai. Magoya bayan da suka haddace shirin ba sa barin irin wannan ya wuce. A ƙara girman hoton zuwa kashi 120 ko 130 cikin ɗari a datse bajon, in dai asalin 1080p ne. A kan hoton DVD kuwa ƙarin girman nan yana mai da fuska dishi-dishi.

Sashen launi shi ne abin alfaharin manhajar, kuma a nan yana da amfani na gaske, domin sau da yawa ana haɗa fage na rana daga kashi na uku da na dare daga kashi na tara a ce ɗaki ɗaya ne. Shot Match, mai daidaita launin fage da na wani, na yin rabin aikin, sauran da hannu ne, a fara daidaita launin fata kafin bango.

Sai inda ta gaza. Yawancin kallon da ake so, a asalin fim wata mace ake yi wa shi, kuma kafaɗarta ko gashinta na cikin hoton. Magic Mask, mai ware mutum daga hoto ba sai an zana da hannu ba, yana sigar Studio ce kaɗai, wato ta kuɗi. A ta kyauta sai dai ka zana da'ira a shafin Color ka duhunta gefen, ko ka shiga Fusion, sashen siddabarun hoto na manhajar, ka bi matar firam bayan firam. Daƙiƙa uku firam 72 ne. Haka ma na'urar goge ƙurar hoto, wadda tsofaffin shirye-shirye suka fi buƙata, ba ta cikin ta kyauta. Rage gudu zuwa rabi da Optical Flow, mai ƙirƙiro firam a tsakanin na asali, yana kyau a kan fuskar da ke tsaye, amma da hannu ya gilma sai yatsu su narke.

Kuskure mafi tsada tun farko ake yinsa. A saita gudun firam kafin a shigo da ko faifai ɗaya, don da zarar kaya sun shiga, saitin aikin ya kulle. Cuɗa 25 da 23.976 da 29.97 na kawo tsalle-tsalle duk lokacin da kyamara ke tafiya. Hoton da aka naɗa daga allo kuma gudunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, sauti sai ya riƙa zamewa, gara a fara wuce da shi ta manhajar sauya bidiyo irin HandBrake ko Shutter Encoder a mai da gudun tsayayye. Masu Linux su sani cewa ta kyauta ba ta buɗe bidiyo nau'in H.264 ko sautin AAC, sai an juya su zuwa wani nau'in, kamar DNxHR. Kwamfuta kuma tana son RAM na 16GB, Fusion ma ya fi sakewa da 32.

In ana son jin muryar jarumi a tsakiyar waƙa, a nemi asali mai sautin 5.1, mai layuka shida, a ɗauki layin tsakiya kaɗai a Fairlight, sashen sauti na manhajar, can magana take, kiɗan fim ɗin galibi yana gefe.

Ga mai dogaro da yanka da launi, ta kyauta ta isa har da saura, tana fitarwa har Ultra HD ba tambari a kan hoto. Mai son cire mutum na uku daga kowane fage kuwa, ko ya koma Studio ko ya ware wa Fusion kwanaki.