Shekara shida da ƙarin mahaifa: abin da na gwada kafin na yarda a cire

Wata goma sha huɗu ke nan da aka cire mini mahaifa. Na daɗe ina son in rubuta yadda abin ya kasance, amma na ƙi yin gaggawa, domin wadda ta fito daga tiyata da sati biyu ba ta da labarin da ya wuce zafin ɗinki. Yanzu jiki ya dawo, hankali ya kwanta, zan iya duba kowace hanya da na bi in faɗi gaskiyar abin da ta yi mini.

A 2017 aka fara gano ƙarin, ina da shekara 37 da 'ya'ya biyu. Abin da ya kai ni asibiti jini ne. Al'adar da na saba yi kwana biyar ta koma kwana tara, wani lokaci goma sha ɗaya, da guda-guda masu girman da ni kaina nake tsorata in na gani. A rana ta biyu da ta uku ba na kai awa ɗaya ban canza auduga ba. Na koma ba na zama a kujerar kowa sai na shimfiɗa wani abu, in na tashi kuma sai na waiga na duba. Hawa bene ɗaya sai na tsaya ina haki, ga wani kwaɗayin tauna ƙanƙara da ban san dalilinsa ba, sai daga baya aka ce mini alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce a jiki. Da aka auna jinina an samu 7.4, alhali na mace lafiyayya bai kamata ya gaza 12 ba.

Likitan farko da ya duba hoton sikanin bai ba ni ko minti biyar ba. Ya tambaye ni haihuwa nawa, na ce biyu, ya ce to ai sai a cire mahaifar a huta. Bai nuna mini hoton ba, bai ce akwai wata hanya ba, bai tambayi ko ina son ƙarin haihuwa ba, ni kuwa ina so. Na fito jikina na rawa, na yi kusan shekara ban sake taka ƙofar asibiti ba. A wannan shekarar na sha haɗe-haɗen da ake cewa suna narkar da ƙari. Ko kaɗan bai ragu ba, sikanin da na yi bayan nan ya nuna ya ma ƙaru. Har yau wannan shekarar tana ci mini rai, domin jinin da na zubar a cikinta da an tare shi.

Likita ta biyu ita ta fara zaunar da ni. Ta ɗauki biro ta zana mahaifa a bayan takarda, ta ce, "Hajiya, ki bar kallon girmansa tukuna, ki dubi inda ya zauna." Ta nuna mini cewa ƙari tsiro ne daga naman bangon mahaifa, wani yana zama a cikin bangon, wani ya turo waje ya danne mafitsara ko hanji, wani kuma ya kutso cikin ramin mahaifa inda jinin al'ada ke fitowa. Nawa guda bakwai ne. Babban ya kai santimita 9, shi ke sa ni tashi fitsari sau huɗu a dare, amma mai zubar mini da jini wani ƙarami ne da bai fi santimita 3 ba, wanda ya leƙo cikin ramin. Ta ce sinadaran jikin mace da ake kira estrojin da furojestaron ne ke ciyar da su, shi ya sa suke lafawa bayan ɗaukewar al'ada. Ta kuma kwantar mini da hankali cewa ba daji ba ne, rikiɗewarsa zuwa daji abu ne da ba kasafai ake gani ba. Ashe ma ba ni kaɗai ba ce: wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2003 ya nuna cewa kafin shekara 50 sama da kashi 80 cikin ɗari na mata baƙar fata suna da shi, farare kuma kusan kashi 70, sai dai da yawa ba su ma sani ba saboda bai dame su ba.

Mun fara da ƙwayoyi. Tiranekzamik asid, wanda ake sayarwa da sunan Cyklokapron, shi ne na fi yabawa a cikinsu. Ana shan sa ne a kwanakin jini kawai, ba ya taɓa sinadaran jiki, ba ya hana ɗaukar ciki. Ya rage mini zubar har na iya fita aiki a rana ta biyu. Ƙarin dai yana nan yadda yake, maganin ba ya taɓa shi, kuma wadda ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya dole ta gaya wa likita kafin ta sha. Ƙwayar ƙarin jini kuwa ta taimaka, amma ta sa ni taurin bayan gida mai wahala, har sai da aka koma ba ni ta jijiya.

Robar Mirena, wadda ake sakawa a cikin mahaifa tana sakin sinadarin da ke rage jinin al'ada, ba ta zauna mini ba. Na san mata da ta canza wa rayuwa, jininsu ya ragu har ya kusa ɗaukewa. Ni kuwa ƙaramin ƙarin nan ya riga ya karkatar da ramin mahaifata, bayan wata huɗu robar ta fito tare da jini. Likita ta riga ta faɗa mini hakan na iya faruwa, don haka ban ga laifin kowa ba. Ina ganin duk wadda za a saka wa ita ta fara tambaya ko ramin mahaifarta a miƙe yake.

Sai allurar Zoladex, wadda ake sakawa a ƙarƙashin fatar ciki duk bayan kwana 28. An yi mini sau uku don a shirya ni tiyata. A wata na biyu al'ada ta ɗauke ɗif, jinina ya hau, cikina ya saɓe har tufafin da na ajiye suka shige ni. Amma abin da take yi shi ne ta jefa mace cikin ɗaukewar al'ada na wucin gadi. Zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji zuwa fuska ba sallama, in farka tsakar dare jiƙe sharkaf, ga saurin fushi da har yara suka fara kaffa-kaffa da ni. Ba a son a wuce wata shida ana yin ta saboda tana rage ƙarfin ƙashi, kuma da an daina ƙarin ke komawa girmansa. Gada ce ta tsallakawa zuwa tiyata, a matsayin haka ta yi aikinta. Na tambayi labarin ƙwayar rage ƙari mai suna Esmya da na ji ana yabawa, likita ta ce an taƙaita amfani da ita a Turai bayan an samu matan da ta lalata wa hanta. Akwai sababbin ƙwayoyi irin su Ryeqo da aka amince da su a 2021, waɗanda aka haɗa da ɗan sinadari don rage zafin jikin nan da lalacewar ƙashi, amma ni ban sha ba.

A 2019 aka yi mini tiyatar cire ƙarin kaɗai a bar mahaifa. Saboda yawansu da girman babban, sai da aka buɗe ciki ta ƙasan mara. An fitar da bakwai ɗin, an ƙara mini jini leda biyu. Wannan tiyata ta ba ni shekara biyu masu daɗi, ba zan taɓa rena su ba. Al'ada ta koma kwana biyar, na daina tashin dare, muka sa rai da haihuwa bayan watannin jiran da aka ɗiba mana. Allah bai kawo ba. A ƙarshen 2021 na fara ganin guda-gudan nan kuma, tun kafin a ɗora na'ura a cikina na san abin da za a ce. Sababbi ne suka fito. Tiyatar tana cire wanda ake gani ne, ba ta hana naman mahaifa sake tsiro da wani. Duk da haka, ga wadda take neman haihuwa, ita zan fara ce mata ta tambaya a kai. In ƙarin na cikin rami ne kuma ƙarami, ana iya bi ta bakin mahaifa a kankare shi ba tare da an yanka ciki ba ma.

Kafin in yanke shawara ta ƙarshe na je na ga likitan da ke toshe jijiyoyin da ke kai wa ƙarin jini. Dabara ce da wani likitan Faransa, Jacques Ravina, ya fito da ita a birnin Paris, aka wallafa a 1995. Ana zura siririn bututu ta matsematsi ko wuyan hannu, a tura ƙananan ƙwayoyi su toshe hanyar jinin, ƙarin ya yanƙwane a hankali. Ba yanka, kwana ɗaya ko biyu a asibiti, mahaifa tana nan. Ta ja hankalina ƙwarai. Wani gwaji da aka yi a Birtaniya da mata 254, aka wallafa a 2020, ya kwatanta ta da tiyatar cire ƙari, ya nuna duka biyun sun sauƙaƙa wa mata, ko da yake waɗanda aka yi wa tiyata sun ɗan fi jin daɗin rayuwa bayan shekara biyu. Abin da ya tsayar da ni shi ne hoton MRI, wani sikanin da ya fi na farko nuna cikin jiki dalla-dalla, ya nuna ba ƙarin ne kaɗai ke damuna ba, fatar cikin mahaifar ta kutsa cikin naman bangon, wanda shi ne asalin ciwon marar da nake birgima saboda shi. Likitan ya faɗa mini gaskiya cewa zai iya yi, amma akwai yiwuwar in dawo neman wani aikin bayan 'yan shekaru. Ina da shekara 43, na gaji da dawowa.

Abin da ya fi ba ni wahala ba tiyatar ba ce, tsoron da na ɗauka game da ita ne. Na ɗauka da an cire mahaifa shi ke nan na tsufa dare ɗaya, sha'awa ta mutu, na zama fanko. Likitata ta sake ɗauko biro. Ta ce sinadaran mace daga ma'ajiyar ƙwai suke fitowa, ba daga mahaifa ba, kuma nata niyyar ita ce ta bar mini su tunda lafiyarsu ƙalau. Za ta cire mahaifa da bakinta da bututun ƙwai biyu, domin cire bututun yana rage haɗarin dajin ma'ajiyar ƙwai. Ba ta ɓoye mini komai ba: ana iya taɓa mafitsara ko bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda, ana iya zubar da jini, ciwon na iya ruruwa, jini na iya daskarewa a ƙafa, kuma ma'ajiyar ƙwan na iya daina aiki da ɗan wuri fiye da yadda da za ta yi. Maigida yana zaune a gefe yana saurare. Da muka fito ya ce mini, "Ke nake so ki rayu da lafiya, sauran duk mai sauƙi ne." A ranar na sa hannu.

An bi ta kan tsohon ɗinkin, saboda mahaifar ta kai girman cikin wata huɗu da rabi, ga mannewar da tiyatar farko ta bari a ciki. Wadda tata ba ta kai haka ba ana iya yi mata ta ƙananan huji da na'urar leƙe ko ta farji, su sun fi saurin warkewa. Na farka da robar fitsari da safa mai matse ƙafa. Washegari ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce, "Hajiya, sai haƙuri, yau sai kin taka." Na riƙe filo a kan mara, na yi taku shida zuwa taga, ina jin kamar kayan cikina za su zubo. Abin mamaki, zafin yankan bai kai na iskar da ta cika mini ciki ba, ranar da ta fara fita na ji kamar an sauke mini dutse. Kwana huɗu na yi aka sallame ni da allurar hana daskarewar jini.

An ce mini sati shida zuwa takwas. Ɗinki kam ya warke a hakan, amma gajiya ta bi ni har wata na uku, wannan kuwa ba wanda ya shirya ni a kai. Sai in yi ɗan aiki kaɗan in ji kamar an zare mini laka. A sati na uku kuma wani kuka ya zo mini ba zato, ina ninke kayan jariran da na adana tun na ƙaramar 'yata. Na san ni na zaɓa, na san daidai na yi, amma rufe ƙofar haihuwa har abada ba ƙaramin abu ba ne, ya ɗauke ni lokaci kafin zuciya ta karɓa. Yayata ce ta zauna da ni a ranar, ba ta ce mini in yi shiru ba.

Zamantakewar aure ta fi da daɗi, domin ciwon da tsoron jinin sun tafi. Har yanzu ina jin nono na yi mini nauyi duk wata, alamar ma'ajiyar ƙwan na aikinta, sai dai babu jini. Sakamakon gwajin naman da aka cire ya dawo babu daji. Abin da ya rage mini shi ne wani ɗan wuri a saman ɗinkin, faɗin yatsu biyu, da ba na jin taɓawa sosai, likita ta ce wataƙila ya dawo, wataƙila ya zauna haka. Awon jinin da na yi watan jiya ya nuna 13.1, kuma na daina tauna ƙanƙara ban ma lura da ranar da na daina ba.