Taurarinka Sun Tsufa: Wace Kasuwa Za Ka Ci a NBA?

A tsakiyar 2013, Danny Ainge, mai kula da cinikin 'yan wasa na Boston Celtics a NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya kai manyan taurarinsa biyu kasuwa. Kevin Garnett yana da shekara 37, Paul Pierce 35, su ne suka ciyo wa garin kofin 2008. Brooklyn Nets ta saye su, ta biya da guraben zaɓen sababbin 'yan wasa na zagayen farko na 2014 da 2016 da 2018, da damar musanyar gurbi a 2017. Gurbin 2016 ya haifi Jaylen Brown, na 2017 ya kai su ga Jayson Tatum, su biyun kuma suka ɗaga kofi a 2024. Ita kuwa Brooklyn, kaka ɗaya Pierce ya yi mata, kuma a kakar 2016-17 ta ci wasa 20 kacal cikin 82, ta zo ta ƙarshe, ladan wahalar, wato gurbin sahun gaba da raunanan ƙungiyoyi ke samu, ya tafi Boston.

To, ɗauka kai ne a kujerar Ainge, ko dai kana jan ragamar wata ƙungiya a wasan kwamfuta. Kafin ka yi tayi, san dokar kasuwar. NBA na da rufin albashi, wato iyakar jimlar albashin 'yan wasan ƙungiya, wanda a kakar 2025-26 ya kai kusan dala miliyan 154.6. Rufin mai taushi ne, ana iya wuce shi don sabunta kwantiragin ɗan wasan da yake hannunka, amma a waccan kakar daga kusan miliyan 187.9 harajin da gasar ke ɗorawa ke fara cizo. Sama da nan akwai shinge biyu, na biyun yana wajen miliyan 207.8 a kakar, kuma tun yarjejeniyar 2023 duk wanda ya haye shi an ɗaure masa hannu: ba zai haɗa albashin 'yan wasa biyu ya sayi mai tsada ɗaya ba, ba zai ɗora tsabar kuɗi a kan ciniki ba, sannan a daskarar masa da gurbin zaɓen da ke shekara bakwai gaba. Ga tsohuwar ƙungiya wannan babbar matsala ce, domin wanda ya shekara goma a gasar yana iya karɓar kashi 35 cikin ɗari na rufin shi kaɗai. Ka tara irinsu biyu, ka ga abin da ya rage wa sauran mutum goma sha uku.

Hanya ta farko ita ce ta Ainge, sayar da komai tun da sauran daraja. Sam Presti na Oklahoma City ya maimaita ta a 2019, ya miƙa Paul George ga Clippers, ya karɓo matashi Shai Gilgeous-Alexander da Danilo Gallinari da gurabe biyar na zagayen farko da musanya biyu. Ɗaya daga cikin guraben ya zama Jalen Williams a 2022. A 2025 Shai ya zama gwarzon gasar, Oklahoma ta ɗauki kofi. Duba abin da cinikin biyu suka yi tarayya a kai: mai saye yana cikin matsuwa. Brooklyn na gaggawar yin suna a New York, Clippers kuwa Kawhi Leonard take nema, shi kuma yana son George a gefensa. Kasuwar bukata ce, mai kaya ya faɗi farashin da ya ga dama. Idan babu irin wannan mai saye a gabanka, kar ka sa ran irin wannan riba.

Kar kuma ka rikita sayar da tsofaffi da faɗuwa da gangan. Philadelphia ta gwada wannan a zamanin Sam Hinkie, har ta ci wasa 10 kawai a kakar 2015-16. Ta samu Joel Embiid, ɗan Yawunde, amma har zuwa 2025 ba ta tsallake zagaye na biyu na neman kofi da shi ba. Daga 2019 ma an rage wa wannan dabara armashi, domin a tsarin da aka kawo a shekarar, ƙungiyoyi uku mafi rauni kowace kashi 14 cikin ɗari take da shi na cin ƙuri'ar gurbin farko. Ka sha kashi shekara guda cur, ka tashi da na biyar.

Hanya ta biyu ita ce ta mai zuciya, ƙaro tauraro ɗaya a yi ta ta ƙare. Masai Ujiri, shugaban Toronto Raptors a lokacin, wanda ya tashi a Zariya, shi ya fi kowa iya ta. A 2018 ya ba San Antonio DeMar DeRozan, ɗan lelen Toronto, da Jakob Poeltl da gurbi ɗaya, ya karɓo Kawhi da Danny Green, alhali saura shekara ɗaya a kwantiragin Kawhi kuma wasa tara kawai ya buga a kakar da ta gabata. Suka ci kofin 2019, Kawhi ya tattara ya tafi, babu wanda ya ce an yi asara. Abin lura shi ne kuɗin da Ujiri ya biya: gurbi ɗaya tak, Pascal Siakam da OG Anunoby da Fred VanVleet duk suna gida. Kwatanta da Phoenix, wadda a 2023 ta zubar da Mikal Bridges da Cam Johnson da gurabe huɗu don Kevin Durant, ta ƙara da Bradley Beal mai kwantiragin da ba a iya sayar da shi sai da yardarsa. Minnesota ta share su huɗu da babu a 2024, a kaka ta gaba suka ci 36 suka sha kashi 46, ba su ma shiga zagayen kofi ba, ga shinge na biyu ya hana su motsi. A 2025 Durant ya koma Houston, aka sallami Beal.

Akwai masu son raba ƙafa, su riƙe tsofaffi suna renon yara a gefe. A takarda ta fi kowace kyau. San Antonio ta ci moriyarta, ta ba da George Hill a 2011 ta samo Kawhi a gurbi na 15, ya zama gwarzon wasan ƙarshe a 2014 Tim Duncan yana da shekara 38. Golden State ta gwada da James Wiseman, gurbi na biyu a 2020, da Jonathan Kuminga da Moses Moody a 2021. Kofin 2022 ya zo, amma Stephen Curry da tsofaffin ne suka ɗauki nauyinsa, Wiseman kuma aka sayar da shi a 2023. Yaro sai da mintuna a fili yake girma, kocin da ke farautar kofi kuwa ba shi da mintunan da zai ba mai koyo.

Sallama da shimfiɗa bashi ban ɗauke ta hanya ba, maganin gaggawa ce. Milwaukee ta yi wa Damian Lillard haka a 2025 bayan agararsa ta tsinke, ta raba kusan dala miliyan 113 a kan shekara biyar don ta samu sararin ɗaukar Myles Turner. Wato sama da miliyan 22 kowace shekara na zaune a littafin albashinta saboda mutumin da ya riga ya koma Portland.

Ni da za a tambaye ni, abin da zan fara dubawa shi ne ko gurabena na shekaru masu zuwa suna hannuna. In suna nan, hanya ta farko a buɗe take. In na riga na jinginar da su, rushe ƙungiya noma ne a gonar wani, gara in lallaɓa da tsofaffina. Na biyu shi ne kwanan watan ƙarewar kowane kwantiragi, domin a nan ne shi kansa Ujiri ya makara daga baya. Ya riƙe ragowar zakarun 2019 yana jiran tayi mai tsoka, har VanVleet ya tafi Houston a 2023 ba a samu ko sisi a kansa ba. Da ya zo sayar da Anunoby ga New York a Disambar shekarar, da Siakam ga Indiana a Janairun 2024, kowannensu saura 'yan watanni ya samu damar tafiya inda yake so, kuma masu saye sun san da haka.