Bitar umarnin git gc: gwani ne wajen matse rumbu, amma ba ya gaggawar zubar da kaya

Duk wanda ya daɗe yana aiki da Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, zai wayi gari wata rana ya tarar foldar .git, wato rumbun da Git ke ajiye tarihin a ciki, ta fi aikin da take tsarewa nauyi. Umarnin da aka tanada domin wannan matsala shi ne git gc, kuma na shafe shekaru ina amfani da shi, wani lokaci da gangan, galibi kuwa ba da sanina ba, tunda yakan tashi da kansa. A ganina ya cancanci yabo a kan aikin matsewa, sai dai sunansa, wanda ke nufin kwashe shara, yana sa mutane tsammanin abin da ba zai yi musu nan take ba.

Kumburin rumbu yana da dalili. A duk lokacin da aka shigar da fayil, Git yakan adana abin da ke cikinsa gaba ɗaya a matsayin abu guda, ya matse shi da zlib, sannan ya raɗa masa suna mai haruffa 40 da aka samo ta lissafin SHA-1, inda biyun farko ke zama sunan folda, sauran 38 kuma sunan fayil. Ko layi ɗaya aka gyara a cikin fayil mai layi dubu, sai an ajiye sabon kwafi cikakke. Da tafiya ta yi tafiya, sai dubban ƙananan fayiloli su taru a warwatse, kowanne yana cin gurbinsa a faifai.

A nan ne git gc yake nuna gwanintarsa. Yakan tattara warwatsattun abubuwan nan ya zuba su cikin ƙunshi guda, tare da wani ƙaramin fayil na fihirisa da ke nuna inda kowanne yake. Kafin ya zuba, yakan jera su bisa nau'i da suna da girma, ya kwatanta kowane abu da maƙwabtansa guda 10, idan ya sami biyu masu kama da juna sai ya ajiye ɗaya cikakke, ɗayan kuma ya rubuta bambancin da ke tsakaninsu kawai. Bambanci na iya hawa kan bambanci har hawa 50. Abin da ya fi burge ni shi ne cewa yakan fifita babban abu a matsayin tushe, kuma da yake fayiloli sun fi ƙaruwa a kan raguwa, sabuwar siga ce galibi ke zama cikakkiya, wato wadda aka fi buƙata ita ce ta fi saurin buɗewa. Mai son ganin tasirin da idonsa ya gudanar da git count-objects -vH kafin aikin da bayansa. A rumbun da rubutu zalla ke ciki, ragin yakan ba da mamaki.

Tashin da yake yi da kansa ma an tsara shi da hikima. Yakan motsa idan warwatsattun abubuwa sun haura kimanin 6700, ko ƙunshe-ƙunshe sun wuce 50. Ba ya ma wahalar da kansa da ƙirga su duka: folda ɗaya tak yake leƙawa daga cikin foldoji 256 masu suna na haruffa biyu da abubuwan ke ciki, mai lamba 17, ya yi kiyasin sauran daga abin da ya gani a ciki.

Inda muka saɓa da shi kuwa shi ne ranar da na yi kuskuren shigar da wani babban fayil na bidiyo cikin rumbun wani aiki. Na goge fayil ɗin, na adana sauyin, na kira git gc, na duba girman foldar, sai na ga ko gezau ba ta yi ba. Laifina ne a matakin farko, domin fayil ɗin yana nan a cikin tarihi, kuma duk abin da tarihi ke nuni gare shi ba shara ba ne a wurin Git. Na koma na sake rubuta tarihin na fitar da shi, na sake kiran umarnin, amma har yanzu shiru. Sai daga baya na gane cewa kundin da ake kira reflog, wanda ke rubuta duk inda kan reshe, wato layin aiki guda a cikin tarihin, ya taɓa tsayawa, yana riƙe da tsohon tarihin. Bayanan wannan kundi sukan yi kwana 90 kafin su faɗi, waɗanda suka rabu da reshe kuma kwana 30, sannan ko abu ya zama maraya gaba ɗaya, ba a share shi sai ya kai mako biyu. Dole sai da na share kundin da hannuna, na haɗa da zaɓin --prune=now, kafin nauyin ya sauka. A ranar na ji haushi, amma ba zan ce tsarin ya yi kuskure ba, domin wannan jinkirin ne ke ceto wanda ya goge reshe bisa kuskure. Bayanin umarnin ma ya yi gargaɗi cewa sharewar nan take na iya lalata rumbu idan wani aiki yana rubutu a cikinsa a daidai lokacin. Ƙorafina kawai shi ne umarnin ba ya faɗa wa mutum dalilin da ya sa ya bar kayan, sai dai ya gama ya yi shiru.

Zaɓin --aggressive shi ne wanda ba na ba kowa shawarar ya saba da shi. Yakan watsar da bambance-bambancen da aka riga aka lissafa ya sake daga farko, yana kwatanta kowane abu da guda 250 a maimakon 10. A da yakan bar hawan bambanci ya kai 250, har sai da aka mayar da shi 50 a siga ta 2.11 a 2016, saboda an lura cewa dogon hawa yana rage saurin karanta tarihi alhali wurin da yake ragewa kaɗan ne. A babban rumbu yakan cinye ƙwaƙwalwar kwamfuta ya ɗauki lokaci mai tsawo, sai dai a taƙaita shi ta hanyar saitunan pack.threads da pack.windowMemory. Amfaninsa na gaskiya shi ne sau ɗaya, bayan an kwaso tarihi daga wata manhajar kamar Subversion. A kuma tuna cewa sabon ƙunshi yakan kammala kafin a goge tsohon, don haka wanda ya bari faifansa ya cika maƙil kafin ya nemi matsewa zai iya rasa wurin da aikin zai gudana.

Hotuna da bidiyo da fayilolin zip, waɗanda an riga an matse su, ba sa raguwa yadda rubutu ke yi, kuma duk fayil ɗin da ya haura megabait 512 ba a ma nema masa bambanci. Irin waɗannan Git LFS, ƙarin manhaja mai ajiye manyan fayiloli a wajen rumbu wanda kamfanin GitHub ya fitar a 2015, ya fi dacewa da su. Ga manyan rumbuna kuma na koma amfani da git maintenance, wanda ya zo a ƙarshen 2020, domin yana rarraba aikin ƙanana-ƙanana bisa jadawali a bayan fage, ba ya tsayar da mutum yana tsakiyar aiki. A ƙananan ayyukana kuwa ban taɓa sauya ko ɗaya daga cikin saitunan git gc na asali ba.