Hattara da mai ɗaura kyamarar tsaro da ke cewa "sabar ce ta faɗi"

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in faɗa ko in bari, don ba kowa ke son fitowa ya ce an yi masa sakiyar da ba ruwa ba. Amma jiya na sake ganin tallar mutumin a Facebook, ya canja suna, hotunan kuwa su ne dai na da. Shirun ya isa haka.

Da sanyin bara aka haura katangar maƙwabcina a nan Kano aka ɗauke masa babur. Tun daga ranar uwargida ta sa ni gaba sai mun saka kyamara. Ana cikin haka na ci karo da tallar: kyamara mara waya mai aiki da hasken rana, baturi 30,000 mAh (ma'aunin yawan cajin da baturi ke riƙewa), katin ajiya 128GB kyauta, garanti shekara biyu. Shago fa? Ya ce kayansa na sito, shi ke kawowa har gida ya ɗaura. Ya zo da tsani da yaronsa, baki kamar zuma, Alhaji kaza Alhaji kaza. Ya ɗaura ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a tsakar gida inda nake ajiye mota. Ya karɓi wayata ya sauke manhajar, ya yi 'yan danne-dannensa ya miƙo mini, sai ga ƙofar gidana tar a waya. Na tura kuɗi ina murna. Da na nemi rasit ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ai mun zama ɗaya."

Ba a yi sati biyu ba kyamarar ƙofa ta ɓace daga wayata. Na kira shi. "Alhaji sabar ce ta faɗi, sai an sabunta lasisi. Dubu goma sha biyar ne." Sabar dai ita ce babbar kwamfutar kamfani da hoton ke bi ta cikinta ya iso waya. Na tura. Kafin in gama shan shayi hoto ya dawo. A nan ya kamata in tsaya in tambayi kaina yadda mutum ya gyara abin da ke manne a bangona alhali bai tako unguwar ba. Ban tambaya ba, har godiya na yi masa.

Sai baturi ya ɗauka. Da rana lafiya lau, amma ƙarfe biyu na dare, daidai lokacin da aka sayi abin dominsa, duka biyun sun mutu. Ya ce hazo ne, ya sayar mini da wani baturin. Bai canja zani ba. Da na fara ɗaga murya sai lambarsa ta daina shiga.

Na kwance ta tsakar gidan na kai wa wani matashi mai gyara a kasuwar waya ta Farm Centre. Yana buɗe murfin ya girgiza kai. Batura uku ne a ciki, irin dogayen nan na tocila da ake kira 18650, kowanne an buga masa 9,900 mAh da manyan baƙaƙe. Ya ce, "Baba, wannan girman ko na manyan kamfanoni ne iyakarsa wajen 3,500. Guda uku ka ga 10,500 ke nan in sun cika. Ina 30,000 ta fito?" Ya jawo ɗan sikelinsa. Na gaske, in ji shi, yana kai giram 45. Nawa ko 30 bai kai ba. Ya ɗauki ɗaya ya fita da shi waje, ya yanke kansa a hankali da filaya, ya kifa a tafin hannunsa. Wani gari mai kama da rairayi ya zubo, sannan wani ɗan mitsitsin baturi da bai kai ɗan yatsana ba ya biyo baya. Don Allah kada wani ya gwada yankawa a gida, baturin litiyom yana kamawa da wuta.

Katin ma haka. A waya yana nuna 128GB, amma da ya saka shi a kwamfuta ya gwada da wata manhaja mai suna H2testw, wadda ke cika kati da bayanai sannan ta karanto su, ko 8GB bai cika ba. An yi wa katin dabara ne ya riƙa faɗin girman da ba shi da shi. Za ka ga jerin bidiyo na kwana da kwanaki, ka danna su ƙi buɗewa. Ranar da ɓarawo ya shigo, ranar za ka sani.

Duk wannan asarar kuɗi ce, ana mayarwa. Abin da ya hana ni barci shi ne na ƙarshe. Yaron mai gyaran ya shiga manhajar ya nuna mini cewa ba ni ne mai kyamarorin ba. A asusun mutumin aka yi musu rajista, ni baƙo ne kawai da aka ba izinin kallo. Ashe "sabar ta faɗi" ɗin nan cire ni yake yi, in na biya ya mayar da ni. Ku tuna ɗaya a tsakar gida take, inda iyali ke zama ba mayafi, inda ake yi wa yara wanka, kuma tana ɗaukar murya. Wata uku wani ƙato da ko sunansa na gaskiya ban sani ba yana da ikon leƙa gidana duk sa'ad da ya ga dama, ya san fitata ya san dawowata. Mun danna maɓallin da ke mayar da kyamarar sabuwa, ta ce har yanzu tana ɗaure da wani asusun, sai mai shi ya sake ta. A daren na hau tsani na kwance ta ƙofar ma.

Ba ina cewa duk kyamarar da ta yanke ta 'yan damfara ba ce. Mai kyau ma tana yankewa, sai dai dalilan sanannu ne kuma ba a biyan kowa lasisi a kansu. Yawancinsu da Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai suke aiki, in ka haɗa da na 5GHz ba za su kama ba. Bangon bulo biyu ko ƙofar ƙarfe tsakaninta da na'urar intanet ya isa ya kashe sigina, ka matso da na'urar kusa ka gani. In an ɗauke wuta MiFi ɗinka, wato na'urar intanet ɗin, ya mutu, kyamara na nan da ranta amma ba ta da hanyar isowa wayarka. Kyamara mai amfani da layin waya kuwa, wani lokacin data ce kawai ta ƙare, shi ya sa layin ya zama naka, mai rajista da NIN ɗinka, ba wanda mai ɗaurawa ya zo da shi a aljihu ba. Ta fannin baturi, ƙurar hunturu na rufe farantin sola, a goge shi da tsumma duk bayan kwana biyu, kuma ya fuskanci kudu, ba ƙarƙashin inuwar darbejiya ba. In ka saita ta tana kallon titi, duk Adaidaita Sahu da akuyar da ta gifta sai ta farka ta ɗauka, kafin asuba caji ya ƙare. Kuɗin ajiyar bidiyo a intanet akwai shi da gaske, amma a cikin manhajar ake biyan kamfanin, ba a tura shi asusun bankin wani mutum.

In za a ɗaura maka, kai za ka buɗe asusun da lambarka ko imel ɗinka, ka saka kalmar sirri ba a kan idonsa ba. Ya ce bari ya sauƙaƙa maka, ka ce ka gode. Ka sa a buɗe gidan baturi ka ƙirga da idonka, kati kuma ka saya daban inda za ka iya mayarwa.

Na kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya, FCCPC, da shaidar kuɗin da na tura. Wajen haɗa takardun ne ma na lura sunan da ke kan asusun bankin daban yake da wanda ya faɗa mini. A layinmu kaɗai gida uku ya ɗaura wa, biyu ni na haɗa su da shi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ranar Asabar zan ɗauko yaron nan mai gyara mu bi su ɗaya bayan ɗaya.