Pioneer SX-780: wata huɗu ke nan yana falona

Rediyo ne haɗe da na'urar ƙara ƙarfin sauti. Irinsa Baba ya saya a 1979, Allah ya jiƙansa, kuma a gabansa muka taso. Shi ya sa ran da na hango shi a shagon wani mai kayan gwanjo a Sabon Gari, ƙura ta lulluɓe shi, ban tsaya dogon ciniki ba.

Ƙirar Japan ce ta 1978, fuskarsa ta alminiyon, nauyinsa ya kai kilo 11. Wat 45 yake bai wa kowace lasifika. A takarda kamar bai kai ya kawo ba, tunda ƙananan na'urorin yanzu dubbai ake rubutawa a kwalinsu. To, ka haɗa shi da lasifika biyu na katako da na'urar juya faifai, ka ɗora faifan kalangu. Za ka ji tafin makaɗi a kan fata, ka ji amshin 'yan amshi a gefe guda, babu abin da ya danne wani. Ko kwata ban taɓa kai maɓallin ƙara ba.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne kunnawa. Fitilarsa ta kawo ja-ja-ja, ka jira 'yan daƙiƙu, sai ka ji "ƙas" daga ciki, sannan sauti ya fito, allurai biyu masu auna ƙarfin sauti su fara rawa. Wannan "ƙas" ɗin ce ke tashinmu da safe a gidanmu. Maɓallin neman tasha kuwa nauyi gare shi, in ka murza shi da kansa yake ƙarasa tafiya.

Yana da nasa aibu. Nawa na kasuwar Amurka ne, wuta 120 yake sha, don haka dole sai da taransifoma mai rage wuta. Ka kuskura ka soka shi kai tsaye a bango, ka yi asara. Ba ya kama gajeren zango, FM ne da matsakaicin zango kawai. Sannan akwai wasu ƙwayoyi biyu a cikinsa masu ƙara ƙarfin sauti, STK-0050, su ne lagonsa. Ɗaya ta ƙone min a sati na uku, aka sa min jabu ta sake ƙonewa, sai da mai gyarana ya ciro ta asali daga wani mataccen.

In za ka saya, a kunna maka shi a shago na rabin awa, ka saurari kowane ɓangare, hagu da dama, shi kaɗai, ka taɓa samansa ka ji zafinsa kafin ka ƙirga kuɗi.