Sharhina kan kit ɗin jirgin RV-7A bayan shekara shida ina harhaɗa shi a gareji

Salam jama'a. Tun da na sa hoton jirgin nan mutane ke ta tambayata wai nawa na kashe kuma a ina na saya, to gaskiya tambayar da ta fi waɗannan amfani ita ce wanne ake fara saya, wanne ake bari sai ƙarshe, don a nan ne mutum ke asarar kuɗi da lokaci ba tare da ya sani ba. Ni a jihar Ohio nake zaune a Amurka, kuma abin da zan faɗa duk a kan tsarin nan ƙasar ne, inda hukumar jiragen sama ta FAA ta yarda mutum ya haɗa jirginsa da hannunsa muddin shi ya yi mafi yawan aikin, abin da ake kira dokar kashi 51.

Dalilin da ya sa na zaɓi kamfanin Van's Aircraft tsohon labari ne. A Kaduna na tashi, wajen Kawo, kuma muna yara kullum muna ganin ƙananan jiragen horo na sojan sama suna shawagi a kanmu. Sai da na girma na gane cewa Air Beetle ɗin nan da ake koya wa matuƙa tuƙi da shi, asalinsa RV-6A ne na Van's, kit aka sayo guda 60 aka harhaɗa a nan Kaduna. Ranar da na gano haka wallahi ban yi barci da wuri ba. RV-7 shi ne ya gaji RV-6 a 2001, kujera biyu gefe da gefe, don haka ban ma tsaya dogon tunani ba. Kamfanin yana garin Aurora a jihar Oregon, Richard VanGrunsven ne ya kafa shi tun farkon shekarun 1970, kuma jiragensa da suka tashi sun haura dubu goma sha ɗaya.

Jirgin ba a dunƙule yake zuwa ba, kashi huɗu ne, kowanne kit ne, wato sassan da za ka harhaɗa da kanka: kit na wutsiya, na fukafukai, na gangar jiki, sai na kammalawa wanda ke ɗauke da murfin gilashi da murfin inji da mazaunin inji da tayoyi da birki. Inji da farfela da na'urorin gaban matuƙi duk daban za ka saya. Kuma a ganina wannan rarrabawar ita ce babbar kyawun tsarin, saboda mai albashi irina ba zai iya zube kuɗin jirgi gaba ɗaya ba, amma kashi kashi da yardar Allah ana yi.

Kafin wutsiya ma akwai abin da ya kamata ka fara saya, kayan aiki. Kwamfureso, bindigar ribit (ƙananan ƙusoshin da ake haɗa farantan jirgi da su), ƙarfen da ake tokare ribit ɗin ta baya, diril mai iska, da waɗannan ƴan maƙalan da ake kira kiliko masu riƙe faranti biyu kafin a buga ribit, su kam ɗaruruwa za ka buƙata kuma duk yawan da ka saya sai ka ƙaro. Van's suna sayar da ɗan kit na gwaji, ƙaramin akwatin kayan aiki da za ka haɗa da kanka, kuɗinsa kaɗan ne. Don Allah kar ka raina shi. A kansa na koyi yadda ribit mai kyau yake da yadda ake cire wanda ya lanƙwashe ba tare da an faɗaɗa ramin ba. Na kuma shiga ƙungiyar EAA ta masu haɗa jirgi da hannunsu, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, su ne masu babban taron nan na Oshkosh a Wisconsin duk shekara, kuma ta reshensu na kusa da ni na samu wani dattijo mai duba aikin masu haɗa jirgi kyauta, wanda ya riƙe ni kamar ɗansa har ƙarshen aikin.

Wutsiya na fara da ita a 2018, kamar yadda aka tsara. Ita ce mafi araha, ita ce mafi sauƙi, kuma idan ka ɓata wani faranti sake sayensa ba zai karya ka ba. A nan ne mutum ke gane ko zai iya zaman gareji shi kaɗai awa uku bayan ya dawo daga aiki ko ba zai iya ba, kuma gara ka gane haka a kan kit mafi araha. Ingancin kayan ya burge ni sosai, ramukan duk an huda su tun daga masana'anta, ka ɗora faranti kan haƙarƙari ka ga ramuka sun hau juna cif. Littafin umarnin na wutsiya dalla dalla yake, kamar ana riƙe da hannunka, amma ka sani yana raguwa da ka yi gaba, zuwa gangar jiki an ɗauka ka iya karanta zane da kanka.

Kuskurena na farko a nan yake, kuma nawa ne ni kaɗai. Na bari sai da na buga ribit na ƙarshe a wutsiya sannan na yi odar fukafukai, a tunanina kamar kanti ne ka biya a aiko maka sati mai zuwa. Ashe layi ake bi, za ka ba da kafin alƙalami a sa ka a jeri, a haɗa akwatinka, sannan a nemi motar da za ta ɗauko shi daga Oregon zuwa Ohio. Wata huɗu na yi gareji shiru, hannu ya fara mantuwa, zuciya ma ta fara sanyi. Dattijon nan da ya zo ya tarar ba abin da nake yi sai ya ce min, ɗana, ranar da ka kai rabin kit ɗin da ke hannunka ranar ake odar na gaba. Tun daga nan haka nake yi, kuma kafin in yi lissafi sai na duba tsawon jiran da kamfanin ya rubuta a lokacin, don yana canzawa, bayan korona ma ya ƙaru ƙwarai a ko'ina.

Wasu na tambaya ko za a iya tsallake fukafukai a sayi gangar jiki tukuna, don mutum ya samu abin da zai zauna a ciki ya ji daɗi. A RV-7 ban ba da shawara ba, saboda ƙarfen tsakiya da ke riƙe fukafukai a cikin gangar jiki tare da kit na fukafukai yake zuwa, an huda shi daidai da ƙashin fukafukanka. Bayan haka fukafukai idan ka gama su sai ka jingine su a kan ɗan keken katako a jikin bango, ba sa cin wuri, ita kuwa gangar jiki da ta tsaya ta cinye garejin kenan, motar uwargida shekara uku tana kwana a waje cikin ƙanƙara, Allah ya saka mata da alheri ba ta taɓa ce min uffan ba.

Abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne kowane kit yana tilasta maka yanke shawarar da kake zaton ta nan gaba ce. A fukafukai sai ka san irin fitilar sauka da za ka sa, da ko za ka sa na'urar tuƙi da kai, da hanyar da wayoyi za su bi, tun kafin ka rufe farantin ƙasa, don bayan ka rufe sai ta ƴan ƙananan ramuka za ka riƙa zura hannu. A gangar jiki sai ka faɗa ko taya ta uku a gaba kake so ko a baya, harafin A ɗin da ke RV-7A ma'anarsa kenan taya a gaba, sannan murfin gilashi mai zamewa baya ko mai ɗagawa sama. A kit na kammalawa kuwa dole ka riga ka san injinka, saboda mazaunin inji da murfinsa sun dogara da shi, har inda iska ke shiga injin, ta gaba ko ta ƙasa, yana canza siffar murfin. Ni na tsaya a kan Lycoming IO-360 mai ƙarfin doki 180 da farfelar Hartzell, wadda ma a nan Ohio ake yin ta a garin Piqua. Wato ka zaɓi inji da wuri a kan takarda, amma kar ka bari ya iso da wuri.

Wannan maganar ta kar ya iso da wuri ita na fi so mutane su riƙe. Inji idan ya daɗe a ajiye ba a tayar da shi tsatsa na iya kama cikinsa, musamman inda akwai laima, sai ka koma saka masa man adanawa da abin tsotse danshi kana fargaba. Gam ɗin da ake liƙe tankin mai da shi yana da wa'adi, ni na saye shi tare da kit ɗin fukafukai don in huta, kafin in kai ga tankuna wa'adinsa ya wuce, dole na zubar na sake saya, kuma ba abu ne da za ka yi kasada da shi ba tunda galan 42 na mai zai riƙe. Ledar shuɗiya da ke jikin farantan alminiyon ita ma in ta shekara biyu uku tana maƙalewa, cire ta ya zama aiki. Murfin gilashi kuwa ba a yanka shi cikin sanyi, tsagewa yake, don haka na lissafa kit na kammalawa ya iso gab da lokacin zafi, wannan kam na dace.

Inda na fi jin zafin asara na'urorin gaban matuƙi ne. A 2019 na ga wani yana sayar da sikirin da rediyo waɗanda aka yi amfani da su da araha, na ɗauka na yi dabara na saya na ajiye. Shekara huɗu suna cikin kwali. Kafin in kai ga sa su an fito da sababbi, garanti babu, kuma daga 1 ga Janairun 2020 dokar ADS-B, wadda ta wajabta na'urar da ke sanar da inda jirgi yake, ta fara aiki a yawancin sararin da ke kusa da manyan filayen jirgin sama, abin da na saya bai cika sharaɗin ba sai da ƙari. Ƙarshe na sayar da su ƙasa da yadda na saya na koma Garmin G3X Touch. Waɗannan kaya su ne na ƙarshe, ka zana inda za su zauna, ka ja bututun waya, amma kuɗin ka riƙe shi sai gangar jiki ta hau tayoyinta.

Batun kawo kaya ma a kula. Akwatunan katako ne manya, na ƙashin fukafukai dogo ne sosai. Wani kamfanin dakon kaya ya taɓa zuwa min da tirela ba abin sauke kaya a bayanta, direban yana sauri, sai maƙwabta na tara muka sauke da hannu, kuma gefen akwatin a fashe. Alhamdulillah kayan ciki lafiya. Ka ɗauki hoto kafin ka sa hannu a takarda, sannan ka zauna ka ƙirga kowane ƙulli da takardar lissafi a satin farko, kar ka ce sai ka buƙace shi.

Akwai kuma abin da kowa ya sani, a Disambar 2023 Van's sun shiga kotu neman kariyar sake tsara bashi, farashin kit ya tashi, a 2024 suka fito suka ci gaba da aiki. Ni kit ɗina huɗu duk sun riga sun iso don haka bai taɓa ni ba, amma ya sa na ƙara fahimtar cewa kafin alƙalami kuɗi ne da ya bar hannunka, ko wane kamfani ne. Shi ya sa ban goyi bayan mutum ya zuba kuɗin kit huɗu a rana ɗaya ba, kuma ban goyi bayan jinkiri irin nawa na farko ba, ɗaya a hannu ɗaya a layi ya isa.

Shin zan sake sayen kit ɗin Van's? Eh, ba tare da shakka ba. Jirgin ya tashi a 2024 bayan mai duba na FAA ya sa hannu, na cika awa 40 na gwaji ni kaɗai a yankin da aka ware min, kuma yana tashi miƙe ba ya karkata, wanda ke nuna kayan sun dace da juna yadda aka ce. Na kuma karɓi takardar da ta ba ni damar yi masa binciken shekara da kaina tunda ni na gina shi. Fenti ne kawai ban yi ba, da gangan na bari sai na gama gyare-gyaren murfin inji da na tayoyi, yanzu na ba mai fenti kafin alƙalami ya ce layi zai kai kaina bayan hunturu, ni da uwargida muna nan muna ta jayayya tsakanin fari da kore ko fari da shuɗi.