Hedifon Mai Sunan Tauraro: Beats Kusa Da Sony, Soundcore Da Na Sitidiyo

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya cewa ya tara kuɗi yana son hedifon mai rufe kunne, zuciyarsa ta kwanta da Beats saboda yadda yake ganinsa a wuyan 'yan ƙwallo da mawaƙa. Wayarsa Android ce, yana yawan doguwar tafiya a mota, wani lokacin kuma yana gyaran sautin bidiyo a kwamfuta. Shin Beats ya ci kuɗinsa, ko akwai wanda ya fi shi a wannan farashin?

Ɗan'uwa, a cikakken farashinsa kuma da wayar Android a hannunka, bai ci ba. Ba don kayan banza ba ne, a'a. Beats na yau ya sha bamban da na shekarun baya da masana sauti suke ta kushewa. Matsalar ita ce kaso mai tsoka na kuɗin da za ka biya kuɗin suna ne, kuma suna ba ya shiga kunne.

Mawaƙin Amurka Dr. Dre da mai shirya waƙoƙi Jimmy Iovine ne suka kafa kamfanin Beats a 2006, hedifon na farko ya fito a 2008, kuma kamfanin Monster ne ya ƙera shi. Su Dre da Iovine nasu suna ne da kunne da sanin taurari. A 2008 ɗin tauraron ƙwallon kwando LeBron James ya raba wa 'yan ƙwallon kwandon Amurka shi, suka sauka da shi a wuya a gasar Olamfik ta Beijin, duniya ta gani. A 2014 FIFA ta hana 'yan wasa sa shi a filayen gasar cin kofin duniya saboda Sony ke ɗaukar nauyin gasar, hanin da ya ƙara masa farin jini. A shekarar ce Apple ya saye kamfanin a kan dala biliyan 3. Duk wannan talla ce, kuma mai saye ke biyan kuɗinta.

A 2015 wani kamfanin Amurka mai suna Bolt ya warware Beats Solo HD, wanda ake sayarwa dala 199, ya ƙiyasta kayan cikinsa a kan kusan dala 17. Daga baya suka gano wanda suka warware jabu ne, suka sake da na gaske, lissafin ya tsaya a wajen dala 20. A yi adalci, kuɗin kayan ciki ba shi ne duka kuɗin ƙira ba, akwai bincike da sufuri da ribar dillali, kuma duk manyan kamfanoni suna ɗora riba mai kauri. Abin lura shi ne har injiniyoyi jabu ya ruɗa. Za mu koma kan wannan.

Yanzu a jera su. Beats Studio Pro ya fito a 2023 a kan dala 350. Faɗin lasifikarsa milimita 40, nauyinsa giram 260, batirinsa awa 24 idan an kunna tsarin kashe hayaniya, awa 40 idan an kashe. Sony WH-1000XM4 ya fito a 2020 a kan dala 350 shi ma, milimita 40, awa 30 da kashe hayaniya a kunne, yana naɗewa ya shiga jaka. Ƙanensa XM5 na 2022 dala 400 ne, ya fi shi iya kiran waya amma ba ya naɗewa. Soundcore Space One na kamfanin Anker dala 100 ne kacal, awa 40 da kashe hayaniya. Sai masu igiya na sitidiyo: Audio-Technica ATH-M50x, milimita 45, wajen dala 150, da Sony MDR-7506 da ake amfani da shi a gidajen rediyo tun 1991, wajen dala 100. Kusan farashinsu ke nan a Amurka, na masu batir a lokacin fitowarsu, sai ka juya da canjin ranar ka ɗora kuɗin shigowa.

Kada girman lasifika ya ruɗe ka. XM5 milimita 30 ne, amma ba wanda zai ce sautinsa ya gaza na milimita 50 ɗin da ake sayarwa a bakin titi. Abin da ke yanke hukunci shi ne yadda aka daidaita sautin, wato nawa aka ba bes (sauti mai kauri na ƙasa), nawa aka ba murya, nawa aka ba siririn sauti na sama.

A nan Beats ya yi suna, a nan kuma ya sha suka. Tsofaffin samfuransa an tura musu bes sosai, musamman tsakanin Hz 100 zuwa 250 a ma'aunin kauri da sirantar sauti. Wannan yanki shi ne gindin muryar ɗan Adam, don haka idan ya kumbura sai ya danne muryar, ka ji mawaƙi kamar yana bayan ƙofa, ka ji kalangu da ganga sun cakuɗe ba ka bambance dukan kowanne. Bes mai yawa kamar miya ce da aka cika wa magi, lomar farko daɗi, kafin ka kai rabin kwano ta gundure ka. Shi ya sa a shago, cikin minti biyu na gwaji, mai bes ke cin kasuwa, a gida kuma bayan awa ɗaya kai ya ɗau ciwo. Studio Pro ya gyara wannan ƙwarai, sautinsa ya fi na da tsabta, har wasu na ganin saman ya ɗan yi kaifi. Abin mamaki, Sony XM4 daga kwali shi ma yana da wannan kumburin bes ɗin. Bambancin shi ne manhajar Sony tana ba ka damar rage shi da hannunka, ka sauke ƙasan ka ɗaga tsakiya har murya ta fito fes. Soundcore ma haka. Beats bai ba ka wannan damar ba idan kana kan Bluetooth, abin da suka dafa shi za ka ci, sai dai ka nemi mai daidaita sauti a cikin manhajar da kake sauraro da ita.

Sai batun da ya fi shafar ka a matsayin mai Android. Sauti ba ya tafiya ta Bluetooth sai an matse shi, kuma hanyoyin matsewar sun bambanta. Beats yana jin SBC da AAC ne kawai. AAC yana aiki lafiya a iPhone, amma a Android ingancinsa ya danganta da wayar, wata ta yi kyau wata ta ɓata. Sony da Space One suna jin LDAC, wanda ke iya ɗaukar har kilobit 990 a daƙiƙa, kusan ninki uku na SBC, kuma yana cikin Android tun siga ta 8 a 2017, duk da ba kowace waya ce ke buɗe shi ba. Don ka duba taka, shiga saitin waya, nemi lambar ginin manhaja (Build number) a ƙarƙashin bayanin waya, taɓa ta sau 7, sashen masu ƙirƙira (Developer options) zai buɗe, a ciki za ka ga jerin hanyoyin sautin Bluetooth bayan ka haɗa hedifon. Gaskiyar magana, idan waƙoƙin da kake ji waɗanda aka turo ta WhatsApp ne ko aka sauke a matse, LDAC ba zai dawo da abin da aka riga aka zubar ba. Kuma yana cin batir, yana yankewa a cikin cunkoson kasuwa.

Kashe hayaniya shi ne abin da zai amfane ka a tafiya. Ƙananan makirufo a jikin hedifon suna jin ƙarar waje, na'urar ciki ta samar da kishiyar wannan ƙarar, su soke juna kafin su kai dodon kunne. Yana cin ƙarar da ba ta canzawa kuma mai kauri: gurnanin injin mota, janareta, fanka, jirgin sama. Ba ya iya wa hon, kukan yaro ko hirar fasinjoji sosai, waɗannan soson kunne ne ke tare su. A wannan fage Sony da wani kamfanin Amurka mai suna Bose ke gaba, Beats na biye, Space One kuma yana yin abin da ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba. Idan kana sa tabarau, ƙafar tabaran tana buɗe 'yar kafa a soson, bes ya zube, hayaniya ta shigo, kowanne ka saya.

Wasu ƙananan abubuwa da ba a rubutawa a jikin kwali. Studio Pro ba ya tsayar da waƙa idan ka cire shi daga kai, Sony da Space One suna yi. Kofin kunnensa bai da zurfi kuma yana matse kai, mai manyan kunnuwa zai ji a jikinsa kafin a kai Zariya daga Kano. Inda ya yi zarra shi ne yana karɓar sauti kai tsaye ta igiyar USB-C ba tare da matsewa ba, abin da XM4 da XM5 ba sa yi, sai dai a wannan yanayin kashe hayaniya ba ya aiki.

Gyaran sautin bidiyo kuwa, cire duk na Bluetooth daga lissafi. Akwai jinkiri na kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa tsakanin hoto da sauti, wanda ya isa ya sa ka yanka a inda ba nan ba. Sannan hedifon da aka ƙawata sautinsa yana ɓoye maka aibi: za ka rage bes saboda kana jin ya yi yawa, mai kallo a lasifikar waya ya ji muryar ta bushe. MDR-7506 ko M50x ba su da batir, ba su da manhaja, suna nuna maka shuu ɗin makirufo da ƙarar iska yadda suke. M50x igiyarsa na cirewa, idan ta tsinke ka sayi wata. Na 7506 a manne take, sai mai gyara ya yi mata dalma.

Tsawon rai shi ne inda muke so ka tsaya ka yi tunani, domin zafinmu ba ya raga wa waɗannan kaya. Soson kunne fatar roba ce, gumi da man kai da zafi suna sa ta sāɓule ta riƙa barin baƙin ɓurɓushi a kunne da wuyan riga, sau da yawa cikin shekara biyu. Na M50x da 7506 ana zare shi da hannu a sa sabo cikin minti biyar. Na Sony maƙale yake da 'yan haƙoran roba. Na Beats Studio da gam ake liƙa shi, sai ka ɓamɓare a hankali ka goge tsohon gam kafin sabon ya kama. Babu ɗayansu da aka yi don gumi ko ruwa. 'Yan ƙwallon da kake gani daga mota zuwa ɗakin sauya kaya suke sa shi, ba a fili ba. Batirin ciki kuma yana raguwa bayan caji ɗari uku zuwa ɗari biyar, zafi na gaggauta mutuwarsa, don haka kada ka bar shi a gaban mota cikin rana. Ranar da batir ya mutu, hedifon dala 350 ya dogara ga ko mai gyara zai samo irin batirinsa. A nan ne sunan tauraro ke iya barin ka a rana: mawaƙin Amurka 50 Cent ya fito da hedifon SMS Audio, takwaransa Ludacris ya fito da Soul, yau da ƙyar ka ji ana ambatonsu balle ka samu sosonsu. Beats ya tsira ne don Apple na bayansa.

Ba kowane sunan tauraro ke tsada ba. Oraimo ya fitar da FreePods da sunan 2Baba, farashinsu bai bar hannun talaka ba. Irin wannan ka auna shi da sa'o'insa na araha, sunan bai ƙara ba bai rage ba.

Da mu ne kai, da kuɗin Beats ɗaya za mu raba biyu: Space One don hanya, MDR-7506 ko M50x don aiki, da canji a aljihu. Idan guda ɗaya kake so mai kyau, XM4. Beats yana da ma'ana ga mai iPhone da ke son siffarsa, kuma ya same shi a lokacin ragi, domin a Amurka sau da yawa ana karya farashin Studio Pro zuwa kusan rabi. Son ado ba laifi ba ne, kawai mutum ya san abin da ya biya.

Wajen gwaji, je da wayarka da abin da kunnenka ya saba da shi. Fara da murya zalla, karatu ko labarai, ka ji ko harufa na fita sarai. Sannan kiɗa mai ganga. Daidaita ƙarar duka biyun, domin wanda ya fi ƙara kullum yana yaudarar kunne cewa ya fi daɗi. Bar shi a kanka minti 15. Tsaya kusa da janaretan shagon ka kunna kashe hayaniya ka kashe, idan ba ka ji gurnanin ya faɗi ƙasa ba, tsarin na ƙarya ne. A gida kuma ka kiyaye ƙara: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel (ma'aunin ƙara) 80 na awa 40 a mako ga babba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu.

Jabu kuwa yana bin Beats sosai, ko a Farm Centre kake a Kano ko Banex a Abuja ko a intanet. Idan ka ga ramin katin memori ko rediyon FM, jabu ne, Beats bai taɓa sa su ba. Idan ka kunna ka ji muryar mace tana sanar da kai da Turanci cewa Bluetooth ya shirya, jabu ne, na gaske ɗan sauti kawai yake yi. Studio Pro na gaske USB-C ne ramin cajinsa. Duba lambar siriyal ta kwali a shafin duba garanti na Apple, ka tabbatar ita ce wadda manhajar Beats ke nunawa a wayarka bayan haɗawa. Masu jabu suna kwafar lambar gaske su buga a kwalaye da yawa, don haka lambar kaɗai ba hujja ba ce, sai ta haɗu da sauti da nauyi da aikin kashe hayaniya. Kafin ka miƙa kuɗi, mai shago ya rubuta lambar a rasit tare da kwanakin da ya yarda ka dawo da kaya idan ya ba da matsala.